Ranar da Zakuna Suka Yi Rawa a Hankali

Surukata Fusae ta kai shekara saba'in da takwas kafin wani a ƙauyenmu ya san ta iya busa sarewa. Ni Chizuru, da na daɗe ina cin abinci a tebur ɗaya da ita, ban sani ba. Ɗanta Noriaki, wato mijina, shi ma bai sani ba.

Abin da aka san ta da shi shi ne asa. Tun tana budurwa ta shigo gidan Kameyama da aure, ɗaya daga cikin 'yan gidajen da suka rage da lasisin noman asa a tsaunukan Tochigi. Asa dangin tabar wiwi ce, sai dai tamu ba ta bugar da kowa, zarenta kawai ake nema. Duk baƙon da ya yi gigin haɗa su a gaban Fusae sai ya sha magana.

"Kare da kyarkeci ma dangi ne," in ji ta, "amma wanne kake bari ya kwana a ƙofar gidanka?"

Da tsakiyar zafi ake sare karan, dogaye sun ninka mutum, a tsoma su a tafasasshen ruwa, a shanya, a jiƙa, a ɓare bawon. Daga nan aiki ya zama nata. Takan zauna a rumfar bayan gida da ɗan ƙarfenta tana kankare bawon har ya koma zare mai ruwan zinariya, ta rataye shi a jikin azara layi-layi. Idan ranar safe ta shigo ta tsakanin katako, sai ka ga kamar an narkar da zuma a cikin iska, ita kuma tana zaune a ƙasanta ƙarama, tana ta surutu ita kaɗai. Masu tufka igiyar wuraren bauta da masu yin tsarkiyar baka har daga nesa suke zuwa neman zarenta.

Ruwan sanyi da kankara na tsawon rai su suka ci mata hannu. Gaɓoɓin yatsunta suka kumbura suka karkace kamar saiwar citta. Ta daina iya saka maɓallin riga. Ranar da tsinken cin abinci ya suɓuce mata a gaban baƙi, na kawo mata cokali, sai ta kalle shi ta ce ta ƙoshi. Ƙwayoyin asibiti kuma suna ƙona mata ciki. Ta bar rumfa, ta koma zaman baranda, hannuwa a cinya, surutun ma ya ragu.

Farkon bazara ƙanwata ta aiko mata da wata 'yar kwalba daga birnin Utsunomiya. Mai ne, launin ruwan shayi. Na karanta mata abin da ke jiki.

"Daga me aka yi shi?"

"Daga asa, Mama. Ta ƙasar waje."

Ta yi dariya har da tari. "Shekara sittin ina noma ta, yanzu sai an ɗoro ta a jirgi an kawo mini a kwalbar turare? Mayar mata. Ba zan tsufa in zama 'yar maye ba."

Ban mayar ba, na kai wa likitarta. Likitar ta duba magungunan hawan jinin da Mama take sha, ta yi 'yan lissafe-lissafenta, ta ce sunan abin kanabidiyol, ba ya bugarwa, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Ba zai miƙe yatsa ko ɗaya ba, in an dace dai ya rage zogi. A fara da kaɗan, kada a ƙara sai da saninta, a dawo a gwada jini saboda hanta.

"A ɗiga a ƙarƙashin harshe," ta ce wa Mama, "a riƙe shi kamar minti ɗaya. Ba haɗiyewa, ba magana."

Da muka faɗa wa Noriaki da yamma, sai ya ajiye kofinsa. "Ba magana? Ko bai yi wa hannun komai ba, a sayo mana kwalba goma."

Ina jin haushin wannan maganar ne ya sa ta yarda. Washegari bayan karin kumallo ta buɗe baki na ɗiga mata, ta zauna kumatu a kumbure tana harararsa. Tana haɗiyewa ta ɗaga hannuwa sama ta jujjuya su.

"To? Ina yake?"

"Mama, sai an jira."

"Ɗanɗanon ciyawa. An cuci ƙanwarki."

Haka muka yi ta yi kullum safe, kullum ta ce an cuci ƙanwata. Sai a cikin mako na biyu, ina shanya a tsakar gida, na ji wani ɗan sauti daga baranda, ƙas, ƙas, ƙas. Na leƙa. Kwandon ɗanyen waken da na ajiye ne ta jawo, tana ɓarewa, idonta yana can kan gonar asa da ta fara kai gwiwa, iska tana kwantar da ita tana tayarwa.

"Mama, me kike yi?"

Ta sunkuyo ta dubi hannuwanta kamar na wata ne aka ba ta ajiya. 

"Bai tafi ba fa," ta ce a hankali. "Ciwon. Ya dai tashi daga jikina ya koma can ƙarshen baranda ya zauna. Ina ganinsa, yana ganina."

Daga ranar ta shiga nazarin man nan yadda take nazarin gajimare. Ta gano cewa in ta ɗiga bayan ta ci abinci, kafin in gama wanke-wanke in share ɗaki ya iso. Wata rana ya yi sauri, wata rana sai rana ta hau kan itacen kaki. Yakan zauna da ita duk hantsi, ya wuce azahar, sannan da rana ta karkata ya janye.

"Baƙo ne mai kunya," ta ce. "Ba ya sallama in zai shigo, ba ya sallama in zai fita. Sai dai ki waiga ki ga tabarma ba kowa."

Ta koma rumfa, ba kamar da ba, amma ta koma. Abin da take kankarewa a yini a da, yanzu sai ta yi mako a kai. Ba ta damu ba.

Wata rana cikin zafi na tafi gari, na bar ta da kwalbar. Ta gaji da ɗanɗanon ciyawa, sai ta ɗiga man a kan soyayyen kabewa ta cinye. Ta jira, shiru. Ta yi tsaki ta ƙara. Ta sake jira, ta sake ƙarawa. Ba ta san wanda aka haɗiye sai ya bi ta ciki ya daɗe a hanya ba, kuma in ya haɗu da maiƙo ƙarfinsa ya fi. Can bayan azahar duk ɗigon da ta haɗiye suka iso mata gaba ɗaya. Da na dawo na neme ta ko'ina, har na same ta a rumfa, kwance a kan tarin busasshen kara, zaren zinariya yana lilo a samanta, tana barci da murmushi. Na taɓa goshinta, na tashe ta.

Ta buɗe ido, amma ba ni take kallo ba. "Tatsuo ya zo," ta ce. "Yana cikin gona. Karan ya rufe shi, sautinsa kawai nake ji."

Tatsuo yayanta ne, wanda ya tafi aikin gini Tokyo tun kafin a haifi mijina, bai dawo da rai ba. Hotonsa kawai na sani. Duk hanyar komawa cikin gida tana riƙe da kafaɗata tana wata 'yar waƙa ta hanci, mai hawa da sauka. Na san waƙar, kowa a ƙauyen ya san ta, ta rawar zakuna ce.

Likita ta yi mata faɗa sosai, ta ce in ta sake, za ta ƙwace kwalbar. Mama ta sunkuyar da kai kamar 'yar makaranta, ta yi alkawari.

Rawar zakuna ita ce bikinmu na lokacin kaka. Maza uku sukan sa kawunan zaki na katako masu dogon gashin zakara har gadon baya, kowa da ƙaramar ganga a ciki, su yi rawa a filin wurin bauta na kan tudu. Sarewa ce take jan su. A da masu busa sun fi goma, amma ƙauye ya tsufa, har ya rage tsoho Genzo kaɗai. A damunar nan kuma shanyewar ɓarin jiki ta kama Genzo, hannunsa na dama ya mutu. Noriaki, wanda shi ne babban zaki, ya dawo daga taro ransa a ɓace ya ce an yanke shawara za a kunna tsohon faifai a lasifika.



Bayan kwana biyu ina cikin gonar soba, hatsin da muke taliya da shi, da hantsi, furanninta farare har gindin dutse, sai na ji sarewa. Sautin ya fito a shaƙe, ya yanke, ya sake farawa. Na ɗauka faifan ake gwadawa. Amma faifai ba ya tsayawa ya numfasa. Na bi sautin har bayan gida. Tana zaune a baranda, idonta a rufe, wata tsohuwar sarewar gora da ta yi baƙi don tsufa a bakinta, karkatattun yatsunta suna laluben ramuka. Ƙyallen da aka naɗe ta da shi yana gefe, na gane shi, daga ƙasan akwatin tufafin aurenta ya fito.

Ba ni kaɗai na ji ba. Gidan Genzo yana tsallaken rafi. Kafin rana ta yi tsaka sai ga shi, 'yarsa tana turo shi a keken guragu. Shi da Mama aji ɗaya suka yi a firamare, kuma tun lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Fusa!" ya kira, bakinsa a karkace, maganar tana fita da nauyi. "Wa ake yanka a gidan nan?"

"Kai ne ba ka mutu ba har yanzu?"

"Ina jira in ga ƙarshenki. Sake busa wurin nan."

Ta busa. Ya saurara, kansa a langaɓe. Da ta tsaya sai ya share bakinsa da hannun hagu.

"Busar Tatsuo ce wannan. Shi kaɗai yake karya sautin a nan."

"A cikin gonar asa ya koya mini," ta ce. "In karan ya yi tsawo ba mai ganin mutum. Babanmu ya ɗauka shi kaɗai ne yake busa. Ka san a lokacin ko taɓa sarewar biki ba a barin mace ta yi."

"Shekara sittin kina zaune kina jin ina kuskure, ba ki ce komai ba?"

"Na faɗa wa asa. Ta sha labarinka."

Genzo ne ya kai maganar gaban dattawa. Wasu suka yi ta gyaran murya, suna cewa ba a taɓa yi ba. Ya buga hannun keken ya ce, "Lasifikar taku namiji ce? Ku zaɓa, ko mai numfashi ko mai batir." Aka zaɓi mai numfashi.

Duk watan nan da hantsi take gwaji, don shi ne lokacinta. Zakunan uku, dukansu sun haura hamsin, suka riƙa barin gona suna zuwa tsakar gidanmu su yi rawa ba kawuna, Genzo yana gefe yana zagin kowa. Mun tsara ranar biki tsaf. Za ta ɗiga man bayan karin kumallo, a fara da hantsi, a yi rawa uku, a gama kafin rana ta karkata.

Ranar ta zo, ta ɗiga, ta sa tufafin biki masu ruwan bula, na ɗaura mata ɗamara. Muna isa gindin tudu sama ta buɗe. Wutsiyar wata guguwa ce da aka ce za ta wuce ta teku. Gashin zakaran kawunan ba ya son ruwa ko kaɗan, don haka aka kwashe komai aka shige zauren taro, aka ce a jira.

Muka jira. Aka kawo shayi, aka kawo dunƙulen shinkafa. Maza suka buɗe giyar da aka tanada don yamma. Mama tana zaune bakin ƙofa, sarewa a cinya, tana kallon ruwa yana zuba daga indararo. Ina ganin yatsunta suna motsi a kan gwiwa, sakakku, suna bin waƙar da ba wanda yake ji. Hantsi ya wuce a haka. Azahar ta wuce. Sai na ga ta fara murza bayan hannunta da babban yatsa, na san abin da ke nan.

Na matsa kusa na nuna mata bakin kwalbar a jakata. "Mama, ko kaɗan?"

"Kina so zakuna su yi rawa ni ina minshari?" Ta girgiza kai. "Na yi wa yarinyar nan likita alkawari. Mayar."

"To ko a kunna faifan? Ba wanda zai ga laifinki."

Ruwa kawai take kallo.

Sai da la'asar ya ɗauke. Hazo ya sauko daga tsauni ya cika tsakanin itatuwan sida, komai yana ɗiga. Aka share filin, aka zuba busasshen yashi. Mutane suka fito da lema a naɗe, ba su kai rabin na kullum ba. Aka ajiye mata kujera a gindin babban itace. Ta ɗaga sarewa.

Rawar farko ta tafi daidai, ko da yake ina ganin gumi a goshinta cikin wannan sanyin. A ta biyu sauti ya suɓuce mata sau biyu, ta kamo shi. Ta uku ita ce mai sauri, inda zakuna maza biyu suke neman macen da ta ɓace musu a cikin furanni, suna tsalle suna juyi. Ta fara, sai na ji yatsun sun ƙi tashi. Waƙar ta yi nauyi, ta ja ƙafa, gangunan suka wuce ta suka bar ta a baya. Na rufe ido don kada in gani.

Da na buɗe, Noriaki ya tsaya cak a tsakiyar fili, ƙafa ɗaya a sama, kan zakin a karkace yana sauraro. Sai ya sauke ƙafar a hankali, daidai inda sautin uwarsa ya sauka. Ya buga gangarsa sau ɗaya, ya jira ta. Sauran biyun suka bi shi.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Zakunan suka riƙa tafiya kamar a ƙarƙashin ruwa. Tsallen ya koma miƙa, juyin ya koma waiwaye mai tsawo, gashin zakara yana tashi ya daɗe kafin ya kwanta. Hazo yana shiga tsakaninsu, ɗaya ya ɓace, ya sake bayyana a wani wuri. Tsakanin sauti da sauti akwai shiru mai faɗi, a cikinsa kana jin ɗigar ruwa daga ganye da kukan rafi can ƙasa. Yaran da ke guje-guje suka tsaya. Wata tsohuwa kusa da ni ta haɗa tafin hannuwa ba ta sani ba. Na rasa ko minti nawa aka yi, na dai ga kamar zakunan nan da gaske wani suka rasa, kuma da gaske suke nema. Da suka gano macen a bayan furanni, suka sunkuyar da kawuna su uku, sautin ƙarshe ya yi siriri ya shige cikin itatuwa, aka daɗe ba wanda ya tafa.

Na je wurinta. Sarewar tana hannunta, yatsun sun ƙage a jiki, ta kasa saki. Na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya tana cije leɓe. Wata ta kawo ruwan ɗumi a kwano muka tsoma su. Noriaki ya cire kan zaki ya durƙusa a gabanta, fuskarsa sharkaf.

Aka turo Genzo. Idonsa ja.

"Kin kashe waƙar, Fusa."

"Hutu na ba ta. Shekara nawa kana korarta kamar ɓarauniya?"

"Tatsuo da ya ji, da ya ƙwace sarewarsa."

"Ya ji," ta ce.

Kwana uku ba ta iya riƙe ko kofi ba. Da sanyi ya shigo sosai, man ma ya rage yi mata aiki, wata safiyar ya zo, wata ya ƙi. Likita ta ɗan ƙara mata, ta ce iyakarsa ke nan. Mama ba ta sake busa a biki ba, kuma ba ta nemi ta sake ba.

Amma kafin dusar ƙanƙara ta narke, mutum huɗu suka zo neman koyo: matar mai gidan waya, wasu ma'aurata da suka baro birni suka sayi tsohon gida a bakin rafi, da ni. Genzo ya rasu da bazara, ya bar mana sarewarsa uku. Da safe muke zama, Mama a tsakiya da bargo a gwiwa, tana rera mana waƙar da baki. In hannun ya yarda, takan karɓi sarewa ta nuna wuri ɗaya ta mayar. Bana mu huɗu muka busa a kan tudu, ita tana zaune a gaba da 'yar lemarta.

Da muka sauko na tambaye ta yaya ta ji.

"Matar mai gidan waya tana da kunne," ta ce. "Mutanen birni suna da ƙoƙari."

"Ni fa, Mama?"

Ta kama hannuna don ta taka matakala, muka sauka biyu.

"Ke kina da miya mai daɗi," ta ce. "Mu je gida, yunwa nake ji."